Kunnen Mai Igwa

Shekara tara na yi ina bautar igwa, kuma in gaya muku gaskiya, sonta nake yi. Tamu ba irin wadda ake ja da mota ba ce, a je a kwance, a tona mata gurbi, a kafa. Da ƙafarta take tafiya. Tana da inji da sarƙa irin ta katafila, da ɗakin ƙarfe da mutum biyar ke shiga, ga baki dogo da ya kai azara biyu in an jera su. Harsashinta guda ya kusa rabin buhun masara nauyi. In ka tsayar da ita a bakin dam ɗin Watari ka ɗaga mata baki, sai ta jefa shi ya tsallake Bichi ya faɗa can gaba. Ta yi amai sau huɗu ko biyar, direba ya taka ta, kafin waɗanda aka harba su gano inda take mun bar wurin.

Sunana Muhammad Auwal, kofur ne ni, ɗan wani ƙauye kusa da Bagwai. Aikina a cikin igwar karɓar lamba. Can gaba akwai masu leƙe, su ne ke ganin abokan gaba, ko da idonsu ko ta jirgin nan maras matuƙi. Sai su karanto lambobi ta rediyon oba-oba, ni in ji, in maimaita musu, in shigar a na'ura, bakin igwa ya juya da kansa ya nemi wurin. Masu lodi su cusa harsashi da albarushi, saje ya ba da umarni, ƙasa ta girgiza. Mu ba ma ganin kowa. Abin da ke gabanmu yawanci sabara ce da yashi.

Ni ɗan fari ne, kuma wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina Malam Khamisu manomin rani ne, tumatir da albasa, kuma shi ake kira yanka in an yi suna ko layya a unguwarmu. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallona ido cikin ido ba. Ni ne yaron nan, ni ne wancan. Inna Jumma ma ta fi shi, don ita in za ta yi min magana sai ta fuskanci bango ko tukunya, ta bi ta kan ƙanwata Rahmatu. Ni kuwa in na zo gabansu sai in tsuguna in kafa ido a ƙasa har su gama. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba sai bara.

Rigimarmu da Baba ta samo asali ne daga bakina. Shekara huɗu da suka wuce na zo hutun babbar sallah, muna zaune ƙofar gida a gindin darbejiya, na ciro waya ina nuna wa mutane bidiyon igwarmu tana harbi. Baffa Ado, ƙanin Baba, ya ce wannan ai katafila ce aka dasa wa hanci. Aka yi dariya. Ni kuwa kaina ya kumbura, na shiga cika baki, nisa kaza, nauyi kaza, in harsashinta ya sauka ko tururuwa ba ta tsira. Baba yana gefe a kan buzu yana wasa wuƙar layya a dutse, kamar ba ya tare da mu.

Sai ya ce wa Baffa, ba tare da ya ɗago ba, "Ado, tambaye shi. Waɗanda yake harbin, yana ganinsu?"

Na ce, "Ba sai mun gani ba, Baba. Lamba ake ba mu."

"In lambar ta kauce fa?"

Na yi dariya. Wallahi har yau ina jin haushin dariyar nan. Na ce, "Ai ba ta kaucewa."

Baba ya gwada kaifin wuƙar a farcensa ya ce, "Ni ko akuya ce ba na ɗora mata wuƙa sai na dube ta, na san ta wane ne, na ambaci Allah." Ya naɗe buzunsa ya shiga gida. Ragon da na sayo masa bai yanka ba, a gidan Baffa aka yi layya da shi. Daga ranar in na bugo waya Rahmatu ta miƙa masa, sai ya ce a ce yana gona, ko da kuwa ina jin tarinsa a gefe.

Na koma bakin daga da fushi. Ina ce wa raina tsoho bai san komai ba. Bai ga garin da aka ƙone ba, bai ga manoman da aka yi wa yankan rago a gonar shinkafarsu ba, yana zaune cikin tumatir ɗinsa yana min wa'azin akuya. Har gobe ina ganin ina da gaskiyata a nan. Amma tambayarsa ta biyo ni har cikin igwa ta zauna. Lambobin nan da Turanci ake karanto su, kuma biyar da tara a Turanci, in iska ta shiga oba-oba, kamar wa da ƙani suke. Ka ji ɗaya a madadin ɗaya, harsashi ya bar maɓoyar maƙiya ya je ya sauka kan naku, ko kan wata rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ana ba mu robar toshe kunne, kuma doka ce a sa. Ni sai na fara zare ta hagu in an fara karanto lamba. Daga baya na zare duka biyun, don in inji na ruri, igwa na tsawa, ba ka da lokacin cirewa da mayarwa. Saje ya kama ni sau biyu ya zage ni tas, ya ce zan mutu kurma. Na ce to, ya juya baya na sake zarewa. Shekara uku ina haka, kuma ko sau ɗaya ban ji lamba a karkace ba. Wannan kam zan iya dafa Alƙur'ani a kai.

Ranar da abin ya ƙare min da damina ne. 'Yan'uwanmu sojan ƙasa sun faɗa kwanton ɓauna a bakin daji, aka kewaye su. Daga azahar har la'asar sakaliya muna harbi, mu matsa, mu sake harbi. Cikin igwa ya koma tanda, hayaƙin albarushi ya cika mana ido, masu lodi hannuwansu duk sun saɓule. Mai karanto lamba yana ihu, ina jin harbi a bayansa, ina maimaita masa ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce a tsaya na fito, sai na ga bakin saje yana motsi ba sauti. Ya nuna min wuyan rigata, na shafa na ga jini. An ce yawancin waɗanda aka kewaye sun fito da ransu. Abin da ke ɗaya gefen, inda harsasanmu suka sauka, ban gani ba, kamar kullum.

Kunnen dama ya mutu murus. Na hagu yana ɗan ɗaukar ihu, shi ma kamar daga ƙasan rijiya. Abin da nake ji dare da rana kukan gyare ne wanda ba ya gajiya. Wata uku na yi a asibiti, a nan na koyi karanta baki. In mutum ya fuskance ni ya yi magana a tsanake, ina tsintar rabi, in ƙarasa rabin da hankali. Likita ya rubuta min a takarda cewa zaɓi nawa ne, in ajiye kaki ko in koma a ba ni aikin kula da harsasai da gyaran igwa a baya. Ina cikin wannan tunani saƙon Rahmatu ya shigo wayata: Yaya ka taho, jikin Baba ya yi tsanani, yana ta cewa a kira yaron nan.

Abu ɗaya na ɗauko a raina tun daga mota, in ji Baba ya ce ya yafe min kafin rai ya yi halinsa. Kuma na ƙudura ba wanda zan gaya wa zancen kunnena. Za ku ce wauta ce, kuma wauta ce. Amma ku tuna ni ne na zauna gindin darbejiya ina cika baki. In dawo kurma, yara na min gwalo a baya, manya na cewa ai Malam ya faɗa? Ga Inna da miji a kwance, in ƙara mata wani? Na ce bari a ga yadda jikin Baba zai yi tukuna.

Na iso ana yankan gero. Kwana biyu kacal na yi gari ya ɗauka cewa soja ya dawo da girman kai. Mutum ya yi min sallama daga baya, ni ina tafiyata. Wanda ya zo ta gaba kuwa sai in kafa wa bakinsa ido kamar zan ciro masa haƙori, in amsa da madalla ko Allah sarki, wanda ya fi kusa. Wata tsohuwa ta gaya min jikanta ya rasu na ce madalla. Rahmatu ce kawai ba na shan wahala da ita, don ita tun tana yarinya ba ta iya magana a hankali ba, kuma a fuska take fesa maka.

Ta tare ni a zaure ta ce, "Yaya, wai mene ne haka? Baffa ya yi maka sallama sau uku a bayan masallaci ka yi masa kunnen uwar shegu."

Na ce, "Hankalina na kan Baba ne."

Ta harare ni, sannan ta sauko. Ta ce ai Baba ma hankalinsa na kaina tun bara, bai dai faɗa ba ne. Tun da 'yan bindiga suka fara shigowa ƙauyukan yamma da mu, wajen iyakar Katsina, suna kora shanu suna ɗaukar mata, ba ya rabuwa da rediyo. Ran nan da aka kawo labarin wani ƙauye da aka kwashe, ta ji shi da kunnenta yana cewa, ina masu igwar suke ne? Amma wata rana kuma da aka ce a wata ƙasa harsashi ya faɗa kan gidan biki, sai ya kashe rediyon ya ture tuwonsa, bai ci komai ba har washegari.

Na ce, "To yanzu me yake nufi da ni?"

Ta ce, "Wa ya san cikin Baba? Kai dai in ya kira ka ka bar kunnen ƙashin nan naka a ƙofar ɗaki."

A rana ta uku da hantsi ya farfaɗo, idonsa ya washe, ya sha kunu cokali biyu. Tsofaffi suka dubi juna, don sun san irin wannan sauƙin. Ya sa aka juya shi kan kafaɗarsa ta dama yana fuskantar gabas, ya ce kowa ya fita, a turo yaron nan. Rahmatu ta zo ta taɓa ni ta nuna min ɗakin.

Na cire takalmi na yi sallama na shiga. Gadon ƙarfen nan nasa a jikin bangon gabas yake, don haka bayansa na tarar, da ƙeyarsa, da hannunsa na hagu a kan bargo. Ya rame har ƙashin kafaɗarsa na neman huda riga. Na tsuguna a wajen ƙafafunsa na sunkuyar da kai, yadda na saba tun ina yaro. Sai da na tsuguna abin ya faɗo min. Mutumin da ba ya ji sai ya kalli baki, ga shi gaban wanda bai taɓa kallon fuskarsa ba, kuma fuskar tana kallon bango.

Ya fara magana. Na sani don hannuna na kan ƙafar gadon, ina jin ɗan kaɗawar muryarsa a jikin ƙarfen. Na saci kallo na ga haƙarƙarinsa na hawa da sauka, yatsunsa na motsi a kan bargo kamar yana lissafa wani abu. Na karkato kunnen hagu, na matsa, na riƙe numfashi. Ba komai sai gyare. Zuciyata na cewa, ka gaya masa, ka ce Baba ba na ji. Amma yaya za ka katse mahaifinka yana maganar ƙarshe? Ban taɓa katse shi yana da lafiya ba sai ranar da na yi masa dariya, kuma ga inda ta kai mu. Na ce bari ya kai aya, sai in faɗa masa, ya juyo ya maimaita.

Ya daɗe yana yi. Ya tsaya ya huta, ya ci gaba. Sau ɗaya kafaɗarsa ta girgiza, ban sani ba ko tari ne ko kuka. Can ƙarfen ya yi shiru. Hannunsa ya ɗan ɗaga daga bargon ya tsaya a sama, tafin a buɗe. Na san hannun nan. Haka yake yi in ya aike ka ya gama faɗar saƙo yana jiran amsa.

Hannun yana nema ya faɗi. Bakina ya riga hankalina. Abin da na saba faɗa masa shekara talatin da huɗu shi ya fito.

Na ce, "To, Baba."

Hannun ya sauka a hankali. Jikinsa duk ya saki, kamar wanda aka sauke wa kaya. A nan ne na san na yi ɓarna. Na miƙe kan gwiwoyina na kama dantsensa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban ji ba. Kunnena ya mutu. Igwa ta kashe min kunne. Ka juyo ka sake faɗa, in na ga bakinka zan gane."

Ban san da wace irin murya na faɗa ba, kurma bai san ƙarfin muryarsa ba. Wataƙila raɗa na yi, don ba wanda ya shigo. Na tallabo kansa na juyo da fuskarsa gare ni. Ranar na fara ganin fuskar mahaifina kusa da kusa, ashe yana da ɗan tabo a gefen hanci. Idonsa a buɗe yake amma ya wuce ni. Leɓɓansa na motsi, na kafa musu ido da duk abin da na koya a asibiti, kuma na karanta sarai. Kalmar shahada ce yake maimaitawa. Na mayar da shi gabas na kira Baffa.

Kafin azahar ya cika. Bayan la'asar muka kai shi. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, ina ganin bakunan mutane a sama suna motsi, ban san wanda ke min gaisuwa da wanda ke ce min in gyara masa kai ba.

Kwana uku na zaman makoki ina lallashin kaina. Na ce mutumin da ya aika a kira ka, ya kori kowa, ya yi maka doguwar magana, ai yafiya ce. Na ce hannun nan amin yake jira, cewa to da cewa amin kuwa duk ɗaya ne wurin Allah. Har na fara yarda. Ran sadakar uku da yamma, bayan mutane sun ragu, Rahmatu ta ce Inna na kira.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, cikin mayafin takaba, ta ba ni baya tana fuskantar rumbu, carbi a hannu. Na tsuguna. Ta yi magana, Rahmatu ta tsaya gabana tana maimaitawa kamar yadda aka saba.

"Inna ta ce tana bakin ƙofa ran nan. Maganar Baba ba ta fito ba, muryarsa ta yi ƙasa, amma ta ji ka ce to. Ta ce Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin.

"Ta ce da asubar ranar Baba ya gaya mata yana da abu guda da zai nema a wurinka. Ya ce in ka amsa kuma ka aikata, ya yafe maka duniya da lahira. In ka amsa ka saɓa, ba shi ba kai har gaban Allah."

Na dafa tabarma na ce, "Wane abu ne?"

Rahmatu ta juya ta tambaya, ta juyo tana min kallon mamaki. "Ta ce ita bai faɗa mata ba. Ta tambaye shi ya ce tsakaninsa da kai ne. Ai kai ya gaya wa."

"Baffa fa? Bai gaya wa Baffa ba?"

"Baffa ma ɗazu yake tambayata ko ka faɗa min." Ta tsuguna kusa da ni ta rage murya, sai bakinta kawai nake bi. "Yaya, cewa ya yi ka bar aikin, ko cewa ya yi ka koma? Ko zancen gona ne? Ka faɗa mana mu taya ka, kada a wayi gari ka saɓa."

Na dubi bayan Inna, yatsunta na jan carbi a natse, hankalinta kwance, mijinta ya tafi da alkawarin ɗansa a hannu.

Na ce, "Rahmatu, ban ji ba."

Ta ce, "Cewa na yi, me Baba ya ce maka?" Ta ɗaga murya, har jijiyar wuyanta ta fito.

Na ce, "Ke na ji ki. Shi ne ban ji ba. Ko kalma ɗaya."